Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya

Ranar wata Talata ce, bayan sallar asuba, na zare sakatar akurki kamar kullum. Kajina ba sa jiran a ce musu su fito. Da jin ƙarar ƙarfe sai su yo waje suna ture juna, wata ta bi ta kan wata. Na tsaya ina ƙirga su da ido: goma sha takwas, sha tara. Saura ɗaya. Na duƙa na leƙa, sai ga ta can ƙurya a zaune, 'yar wake-waken nan da ta fi kowa rawar kai, wadda jiya-jiya da la'asar na kore ta daga kan turmi har sau biyu. Ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗayar ta miƙe baya, kamar wani ya ja su da gangan. Idonta garau. Na watsa mata tsaki a gabanta, ta hau ci kamar babu abin da ya same ta. Tashi ne kawai ya gagare ta.

Inna, surukata, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, ba ta ko taso ba ta yanke hukunci.

"Ke 'yar nan, sanyi ne ya kama ta, ko kuma 'yan'uwanta sun danne ta cikin dare. A samo ja da yalo a kwance mata a ruwa. In ba ta tashi zuwa azahar ba, Malam ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe."

Na ce, "To, Inna." Amma ban aiki kowa kemis ba.

A gidajenmu maganin kazar da ta gurgunce biyu ne, kafso ko wuƙa. Ni ma da su na tashi, kuma ba zan ce wuƙar ba ta da ranarta ba. Sai dai shekara goma sha ɗaya da na yi ina kiwo a tsakar gidan nan na Zariya sun nuna mini cewa abubuwan da ke kwantar da kaza sun fi goma, kuma mafi yawansu kafso ba ya ko kusantar su. Wasu ma da reza da ruwan ɗumi ake gama su cikin minti biyar, in an kama kazar an duba.

Kazata ta farko ce ta koya mini wannan, kuma da yatsanta ta biya kuɗin karatun. Kazar Hausa ce baƙa, gwaggona ta ba ni. Ta fara ɗingishi, na kwance mata kafso a kasko kwana uku, ita da sauran kajin da lafiyarsu ƙalau duk suna sha. A rana ta huɗu na kama ta da daddare na haska tocila. Ashe zaren buhu ne haɗe da gashin doki, irin wanda ake zubarwa bayan an tsefe kitso, ya naɗe mata yatsan tsakiya. Ya ci nama ya nutse, har sai da na sa tsinin allura na ɗago shi kafin in iya yankewa. Yatsan ya riga ya yi baƙi, bayan mako guda ya guntule. Ta rayu, ta yi mini ƙyanƙyasa ta fi sau shida da yatsu biyu da rabi a gaba, amma da na kama ta tun ranar farko da ba ta rasa komai ba. Tun daga lokacin duk ranar da aka yi kitso ko aka farke buhu a gidan nan, ni da kaina nake bin tsakar gida da tsintsiya.

Don haka na ɗauki 'yar wake-wake na naɗe ta a tsohon zani, na bar ƙafafu a waje, na zauna a kan kujera 'yar tsugunne inda haske yake. Kaza in aka rufe mata fukafukai da ido takan natsu. Daga tafin ƙafa nake farawa, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan in bi ƙwauri da yatsuna a hankali har gwiwa, har cinya. Kullum ina gwada ƙafar da ɗaya 'yar'uwarta, domin kumburin ƙafar kaza ba ya fitowa fili sai an jera su. Ina neman zafi, ina neman inda za ta zabura, ina neman motsin ƙashi a wurin da babu gaɓa. Sai in sa yatsana a ƙarƙashin yatsunta in ga ko za ta damƙe.

Da karaya ce da na ji daɗi, wallahi. Karayar ƙwaurin kaza abu ne mai sauƙi: a miƙar da ƙafar, a naɗa auduga, a sa sillen kara biyu gefe da gefe, a ɗaure da filasta ba tare da an matse har jini ya tsaya ba, a ajiye ta a kwando ita kaɗai da ruwa da abinci kusa da baki. Cikin mako uku ƙashin yakan haɗe. Na yi wa wadda akuya ta taka, na yi wa wadda yaran maƙwabta suka jefa da dutse. Akwai kuma gurguntar kasuwa, wadda kowa ya sani amma ba a ɗauke ta a bakin komai ba. A ɗaure ƙafafun kaza da tsumma tun safe, a rataye ta kai ƙasa a hannun babur, a yini da ita a rana, sannan a kawo gida a sake ɗaure ƙafa ɗaya a jikin turke wai don ta saba da gida. In aka kwance ta kasa tsayuwa sai a ce an sayar mana da mai ciwo. Inuwa da ruwa da kwana ɗaya ko biyu na hutu kawai take nema.

Tafin ƙafar ma lafiya lau. Na duba shi sosai saboda abin da jan zakarana ya sha shekara biyu kafin nan. Shi kwanan kan katanga yake yi, da asuba ya diro kan siminti da dukkan nauyinsa. Wata rana na ga yana tsayuwa da ƙafa ɗaya, na juya tafin sai ga wani baƙin ɓawo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kewayensa ya kumbura ya yi tauri yana zafi. Ƙaramin rauni ne, tsaga ko ƙaya ko kwalba, ƙwayar cuta ta shiga ta yi gida. Na riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri minti goma sha biyar safe da yamma, har ɓawon ya yi laushi ya ɗago. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mugunyar kaza ba ruwa ba ce irin tamu, ba ta tsiyaya. Dunƙule take fitowa, fara-fara mai ɗan rawaya, kamar gutsuren awara. In ba a cire dunƙulen nan ba, ko an shafa magani banza ne. Na wanke ramin da aidin, na ɗaure, ina canzawa kullum har ya cike. Bayan nan na kafa masa sanda a cikin akurki, tsayinta bai wuce gwiwata ba, na zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa. Ya yi fushi da ni kwana biyu sannan ya haƙura.

Ɓawon ƙwaurinta kuma sumul, babu wannan tashin da ke sa ƙafar kaza ta yi kaushi kamar an yaɓa mata busasshen kunu. Wannan aikin wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, suna haƙa a ƙarƙashin ɓawon. Basilin ko man gyaɗa ake shafawa ya toshe musu numfashi, a maimaita har makonni. Masu tsoma ƙafar kaza a baƙin mai ko kananzir, don Allah ku bari, ƙona fatar yake yi.

Ban sami komai ba. Babu zafi, babu kumburi, babu rauni. Abu ɗaya kawai: ƙafar dama ta damƙi yatsana, ta hagu kuwa sakwaf, kamar ba a jikinta take ba. Kuma da na shafa ƙirjinta na ji ƙashin ya fito fiye da na sa'o'inta, alamar ta ɗan jima tana ramewa a ƙarƙashin gashi ban lura ba.

Sai hankalina ya koma kan abinci, domin a nan na taɓa yin laifin da har yau in na tuna nake jin kunya. Wata shekara shaho ya dame ni, maƙwabciyata kuma ta dame ni da ƙorafin kaji na tone mata lambun alayyafo, sai na kulle su gaba ɗaya a wani ɗakin ajiya mai 'yar taga ɗaya. Abincin kanti ya yi tsada, na ce ai kajin Hausa ne, dusa ta ishe su. Dusar masara safe da yamma, wani lokaci da ragowar tuwo. Ban yi tunanin cewa kazar da ke yawo ba dusa kaɗai take ci ba. Tana tono gara, tana kama fara, tana tsinkar ɗanyen ganye, tana haɗiye 'yan tsakuwa da gutsuren ƙashi da ɓawon katantanwa, rana kuma tana dukan ta. Duk wannan na datse mata da ƙofa ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba ƙwai ya fara zuwa da ɓawo kamar takarda, wani ma babu ɓawon sam, sai fata. Sannan kazar da ta fi kowa saka ƙwai ta zauna ta ƙi tashi. A lokacin ne wani malamin dabbobi ya yi mini lissafin da ban manta ba. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam kusan giram 2. Abincin kaza mai ƙwai yana bukatar kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, dusa kuwa abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. In kaza ba ta samu a abinci ba, ba ta daina ƙwai nan take, daga ƙashinta take zara ta yi ɓawo, har ƙafafun su kasa ɗaukar ta. Kuma ko an ba ta kalsiyam ɗin, sai da bitamin D3 jiki ke iya amfani da shi, shi kuwa hasken rana ke samar da shi a fatar kaza in babu shi a abinci. Ni na hana su duka biyun. 'Yan tsakin da ke ɗakin su ma bakinsu ya yi laushi, in na danna sai ya lanƙwashe kamar roba, suna taku biyu su zauna.

Na buɗe musu ƙofa, na kewaye wani gefen tsakar gida da waya inda rana ke faɗa da hantsi. Na fara tara ɓawon ƙwai ina gasawa a kasko in daka, ina sayen garin ƙashi a wurin masu kayan abincin kaji, ina rataya musu damin zogale. Wadda ta zauna ta tashi cikin mako guda. Wani kuskure da na ga wasu na yi bayan sun ji wannan labari shi ne su ɗauki abincin masu ƙwai su ba 'yan tsaki, wai don ƙashinsu ya yi ƙwari. Ɗan tsako kalsiyam kusan kashi 1 cikin 100 yake bukata, in ya yi yawa ƙoda yake lalata masa.

'Yan tsaki dai ƙafarsu ba ta da wuyar lalacewa. Wanda yatsunsa suka dunƙule ciki kamar ya yi ƙulli, yana tafiya a kan gwiwa, yawanci ƙarancin bitamin B2 ne, kuma in an yi saurin sa musu bitamin a ruwa cikin kwanaki kaɗan yatsun ke warwarewa. In an makara sun tafi kenan. Wanda gwiwarsa ta kumbura ƙafar ta juya waje, jijiyar bayan gwiwa ce ta goce daga mazauninta, galibi saboda ƙarancin sinadarin manganis a abinci, wannan kam da wuya ya gyaru. Wanda kuma ƙafafunsa suka baje gefe da gefe tun kwanakin farko, a duba abin da aka shimfiɗa masa. Jarida da leda da kwali mai santsi su ne masu laifi. Tsohon buhun algarara ko dusar katako ya fi, kuma a haɗa ƙafafun biyu da 'yar filasta, a bar tazara daidai faɗin jikinsa, kwana uku zuwa biyar sai ya tsaya.

To amma 'yar wake-wake ba a dusa take ba. Ita da 'yan'uwanta sha tara abincin buhu nake ba su tun ranar da na sayo su, ga rana, ga ganye. Sati goma sha ɗaya gare su. Na sa mata bitamin a ruwa duk da haka, na keɓe ta a kwando a bayan madafa, na ce in ga abin da gobe za ta haifar.

Goben ba ta haifar da alheri ba. Ranar Alhamis fiffikenta na hagu ya saki yana jan ƙasa. Ranar Asabar wata ta biyu ta fara tafiya kamar mai maye, tana taka yatsunta a naɗe. A nan na daina wasa. Na sa su biyun a kwali na huda masa ƙofofin iska, autana ya riƙe a bayan babur ɗin Malam, muka nufi asibitin dabbobi.

Likitan bai fara da taɓa su ba, da tambaya ya fara. Sati nawa gare su, a ina na saye su, nawa suka mutu, yaya kashinsu yake, akwai mai tari ko minshari, akwai wadda wuyanta ya murɗe.

Na gane inda ya dosa. Niyukasil yake son ya cire daga lissafi, annobar nan da ke share kajin unguwa guda da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Ita ma tana shanye ƙafa da fiffike, amma ba ta zuwa ita kaɗai a ɓoye. Da koren zawo take zuwa, da numfashi da ƙyar, da kaji sun yi jugum sun ƙi ci, da mutuwa biyar goma a kwana biyu, waɗanda suka tsira kuma wuyansu ya karkace suna kallon sama. Na ce masa babu ko ɗaya, kuma na ba su riga-kafinta, Lasota, sau biyu a ruwan sha. Ya ce madalla, in ma ban samu Lasota ba akwai wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, I-2, wadda ta fi jure zafi, ana ɗiga ta a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ya ƙara da cewa duk ranar da na ga kaji na zubewa da yawa lokaci guda, zankonsu ya yi shuɗi-shuɗi, fuska ta kumbura, kada in yanka kada in fige, in kira su. Mu mutanen jihar Kaduna ba mu bukatar a tuna mana, a Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya cikin Fabrairun 2006.

Sai ya tambaye ni ko akwai mushe a kusa, ɓera ko ƙadangare ko wata kazar da ta mutu ba a binne ba. Wannan ma na san dalilinsa, don na taɓa gani a gidan yayata da damina. Gafiya ta mutu a bayan randa, ta yi tsutsa, kaji suka yi walima. Washegari uku suna kwance, ƙafa ta mutu, fiffike ya saki, wuya ya yi laƙwas a ƙasa kamar igiya, ido na lumshewa, in ka ja gashinsu sai ya biyo hannunka. Gubar da ke taruwa a ruɓaɓɓen nama ce, tsutsar tana tara ta a jikinta ba ta kashe ta, kazar da ta ci ita ke kwana ciki. Biyu sun mutu, ɗaya da ba ta ci da yawa ba ta farfaɗo bayan an yi kwanaki ana ɗiga mata ruwa a baki a inuwa. Na ce wa likita ni tsakar gidana babu wannan, kuma wuyan nawa a tsaye yake, ci kuwa har sun fi masu lafiya.

Ya fito da 'yar wake-wake ya ajiye ta a kan tebur. Ta yi zamanta na ranar Talata, ɗaya gaba, ɗaya baya. Ya ɗan yi shiru.

"Malama, waɗannan an yi musu allurar kwana ɗaya kuwa?"

"Wace ce kuma ta kwana ɗaya, Likita? Na yi riga-kafin cutar Gumboro, na yi Lasota."

"Ta cutar Marek. A wurin ƙyanƙyasa ake yin ta, ranar da suka fito daga ƙwai."

Ban taɓa tambaya ba. A bakin titi na saye su, wurin wani mai kwali, suna da sati uku, kyawawa masu kuzari, ya ce mini an yi musu komai da komai. Ni kuma araha ta rufe mini ido ban ce ya lissafa mini komai ɗin ba.

Likitan ya ce tabbaci sai an buɗe. Ta farkon ta riga ta yi nisa, don haka na amince, aka yanka ta a bayan asibitin, ya shimfiɗa ta ya buɗe cinyoyin biyu ya kira ni in gani da idona. A cikin naman kowace cinya akwai wata jijiya da ke saukowa daga baya zuwa ƙafa, ita ke kai saƙon motsi. Ta ƙafar dama siririya ce fara tas, da 'yan layuka a jikinta, kamar sabon zare. Ta hagu ta yi kauri ya ninka nata sau biyu ko fiye, ta yi rawaya-rawaya, layukan sun ɓace, kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Ya ɗaga hantar kuma ga wasu fararen ƙulle-ƙulle a jikinta. Autana da ya zo da niyyar a ba shi ƙundu ya soya, ya ja da baya ya ce, "Umma, ni na fasa."

A tsaye a wurin ya yi mini bayani. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai suna József Marek ne ya fara bayyana cutar a 1907, bayan ya duba wasu zakaru huɗu da suka shanye, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Bayiros ne ke kawo ta, don haka ja da yalo da duk danginsa ba su da abin da za su yi mata. A gindin gashin kaza take hayayyafa, ta fito cikin wannan farar ƙurar da ke tashi in kaza ta karkaɗe jiki, sauran su shaƙa. Ƙurar tana iya yin watanni a akurki da ƙarfinta. Ba ta bi ta cikin ƙwai, ɗan tsako da tsabtarsa yake fitowa, a gida yake ɗauka. Manyan kaji da yawa suna ɗauke da ita ba su nuna komai, ƙanana ne masu tasowa, 'yan wata biyu zuwa biyar, ta fi kayarwa. Ma'ana tsofaffin kajina na Hausa da ke kiwo lafiya lau a tsakar gida, mai yiwuwa su suka yi wa baƙin maraba da ita. Wani lokaci a ido take fitowa, ƙwayar ta koma ruwan toka kazar ta makance.

Riga-kafin ya samu ne wajen 1970. Ya ce shi ma ba ya hana kaza ɗaukar cutar, yana dai hana ta shanyewa da yin ƙulle-ƙullen, kuma yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, don haka ko ɗan tsakon da aka yi wa bai kamata a jefa shi cikin ƙurar manya a kwanakin farko ba. Na ce to a yi wa sauran sha takwas ɗin yanzu mana. Ya girgiza kai. An makara, duk sun riga sun shaƙa. Kuma kwalbar ta kaji dubu ce, in an haɗa dole a gama da ita cikin awa ɗaya ko biyu, shi ya sa ba abu ne na mai kaji ashirin a gida ba.

Na tambaye shi batun ci, don na san ita ce tambayar farko da Inna za ta yi mini. Ya ce cutar ba ta kama mutum, ƙwan kajin ma babu laifi a ci. Amma wadda aka buɗe aka ga ƙulle-ƙulle a hanta ko wani wuri a cikinta, a binne. Ya kuma ce abin da ya fi damun sa ba wannan ba ne, kazar da aka ɗura wa kafso kwana uku sannan aka yanka aka ci da maganin a jikinta ita ce matsala.

Da muka dawo na zayyana wa Inna komai, har da taliyar. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To ai ga shi ƙarshenta wuƙar dai aka sa mata." Na ce haka ne, Inna. Ban ƙara komai ba, domin ta faɗi gaskiya, kuma ba a jayayya da suruka a kan kaza.

Cikin wata biyu da suka biyo baya shida na rasa daga cikin ashirin ɗin, ɗaya bayan ɗaya, ba rana guda ba. Wannan salon nata ya fi annoba cin rai, don kullum da asuba da fargaba nake zare sakata. Duk wadda ta zauna nakan keɓe ta in yi mata duban nan nawa daga tafi zuwa cinya, saboda samun Marek a gida bai hana zare naɗe yatsa ba. Ɗaya ma cikin waɗanda na ɗauka ta tafi, ashe ƙusa ta taka, ta warke sarai. In na duba ban ga komai ba, na ba ta bitamin kwana huɗu ko biyar babu sauyi, ba na barin ta tana jan ƙirji a ƙasa 'yan'uwanta na tsattsage ta. Malam yakan yanka, ni in buɗe in duba hanta da cinya.

Na kwashe ɓuntun akurkin gaba ɗaya na ƙona, na yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, na wanke bango da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na bar shi a buɗe rana ta dake shi. Ban yaudari kaina cewa na kore ta daga gidan ba. Na dai daina sayar da kaji masu rai ga maƙwabta masu kiwo a wannan shekarar, wanda ke son na miya in yanka masa. 'Yan tsakin da na sayo bayan nan a ɗakin zaure na raine su sati uku, nesa da manya, da takalmin da nake shiga wurinsu daban.

Mai kwalin nan na sake haɗuwa da shi bayan sallar layya, a daidai inda na same shi da farko. Ya gane ni, ya washe baki.

"Hajiya, ga wasu sababbi fa, an yi musu komai da komai."

Na ce, "Har da Marek?"

Ya ce, "Har da shi, Hajiya, jiya-jiya na zuba musu a ruwa."

Na yi masa fatan Allah ya ba da kasuwa, na wuce.